Kurege da Kacici-kacicin da Ba Shi da Amsa

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ina amsa? Ban ji ba.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Yawwa. Ke Tabawa, janye ƙafarki daga bakin murhu, sau ɗaya nake faɗa.

Wata shekara Kura ta noma gyaɗa ta cika rumbu, ta ɗauki Biri da Bushiya da Kurege aikin ɓara. Da rana ta yi tsaka takan ba kowa ƙoƙo guda na gyaɗa, shi ne abincinsa. Bushiya da Kurege kuwa aminai ne, tun suna ƙanana tare suke kiwo.

Shi Kurege ƙoƙo guda ba ya isarsa. Ran farko, da aka raba abinci, sai ya ce, "Ku zo mu yi kacici-kacici, aiki ya yi sauƙi. Ɗaki ba ƙofa, mutum biyu a ciki."

Biri ya sosa kai. Bushiya ta dubi sama. Suka yi tunani, suka yi tunani, suka gaji.

Kun dai san yadda ake yi: wanda ya kasa sai ya ce na ba ka gari, in mai tambaya ya karɓa, dole ya faɗi amsa. Biri ya ce, "Na ba ka Kano."

Kurege ya ce, "Me zan yi da Kano ina jin yunwa? Ku ba ni ƙoƙonku."

Suka ba shi, ya cinye, ya ce, "Gyaɗa ce." Gyaɗar da ke hannunsu tun safe! Ni ban taɓa zama a aji ba, amma da ina wurin ba mai cin abincina a kan wannan.

Washegari ya kawo wata tambayar, suka kasa, ya cinye. Rana ta uku Kurege ya laluba kansa, ya tarar tambayoyi sun ƙare, yunwa kuwa ba ta ƙare ba. Sai ya buɗe baki ya faɗi abin da ya zo masa: "Abu ne mai ƙaho uku ranar kasuwa, ran Laraba ba ko ɗaya. Yana tari, ba shi da wuya. Yana tsoron ƙwarya, amma a cikinta yake kwana."

Biri ya ajiye ɓara. Bushiya ta ajiye ɓara. Suka yi tagumi.

Can sai ga Kura ta zo duba aiki, ta tarar ba abin da ke motsi. Ta ce, "Mutuwa aka yi?"

Biri ya ce, "Ranki ya daɗe, abu ne mai ƙaho uku." Ya zayyana mata duka.

Kura ta ce, "Shirme! Ai saniya ce." Sai ta sake tunani. "A'a, saniya ƙahonta biyu. Akuya ce." Ta zauna a kan buhu. "To me ya kai akuya cikin ƙwarya? Wace Larabar ma tukuna?"

Biri ya ce, "Ni ma nan na tsaya."

Kura ta ƙirga ƙafafunta, ta dawo ta sake ƙirgawa, ba ta san dalilin ƙirgawar ba. Kanta ya ɗauki zafi. Ta miƙa hannu ta damƙe wutsiyar Kurege, ta ce, "Kai, faɗi amsa. In ban ji ta ba kafin inuwar rumbun nan ta taɓa ƙafata, kai ne abincina."

Kurege ba shi da amsa. Ko rabinta ba shi da ita. Amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ba a faɗa sai an ba da gari."

"Na ba ka Katsina."

"Ta yi mini nisa."

"Na ba ka Zazzau."

"Surukaina na can, ina jin kunyarsu."

"Na ba ka Kano!"

"Biri ya riga ya ba ni shekaranjiya, na ƙi. In na karɓa a hannunki zai ji haushi."

Ana ba shi yana ƙi, ana ba shi yana ƙi, inuwa tana matsowa. Garuruwan da Kura ta sani suka ƙare, har ta fara maimaitawa.

Bushiya ta dubi amininta, ta gane ba amsa a cikinsa. Kwana biyu yana cinye mata abinci, ranta a ɓace yake. Amma ta ce, "Ranki ya daɗe, bari in gwada. Kurege, na ba ka garin Gindin Rumbu." Ta nuna masa wani ɗan rami da baki.

Kura ta ce, "Gari ne a nan ban sani ba?"

Kurege ya ce, "Babba ma. Amma ba na karɓar garin da ban gani ba, sai na leƙa."

"Leƙa, wutsiyarka dai tana hannuna."

Ya tura kai, ya tura ƙirji. Bushiya ta dunƙule, ta gangaro ta faɗa kan ƙafar Kura da duk ƙayarta. Kura ta kwarma ihu ta saki. Kurege ya shige, Bushiya ta bi shi, Biri ya haye bishiya.

A cikin rami Kurege na haki ya ce, "Aminiyata, kin cece ni."

Ta ce, "Rufe mini baki. Daga yau kai za ka riƙa ɓare mini gyaɗa ina ci, har damina ta faɗi."

Kura kuwa ta zauna bakin rami tana kira, "To ka karɓi garin ko ba ka karɓa ba?" Har yau ba a ba ta amsa ba. Shi ya sa take tafiya kai a sunkuye. In kun ji ta fashe da dariya a daji, ta zaci ta gano ne. In kun ji ta yi shiru, ta tuna Laraba.

Ƙurunƙus, na sauke. Wanda zai yi wa Kura ƙarya, ya fara neman aboki mai ƙaya.

Iya, to mene ne abin mai ƙaho uku?

Kun ji ku! Ku ma kun zama Kura. Ku tashi ku kai kwanukan nan bakin rijiya.