Makullin Famfon Kwarin Maje

Ku gyara zama. Yau ba labarin dariya na kawo muku ba, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

An yi wani dagaci a Kwarin Maje, ana ce masa Shekarau. A zamaninsa ne ruwa ya fara guje wa garin. Tun da manoman rani suka cika fadama da injinan ban-ruwa, rijiyoyin cikin gari suka shiga ƙafewa. Daga goma sha ɗaya suka koma biyu, su ma sai an jira laka ta kwanta kafin a sha. Gudawa ta kama yara, aka binne huɗu a rani guda, har da jikar dagacin. Mutane suka fara ƙaura. Duk sanda Shekarau ya zaga gari sai ya tarar an ja wa wata ƙofa ƙaya, ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Ana haka ma'aikatan ruwa suka zo daga birni, suka ce ba za su haƙa komai ba sai sun ji ta bakin mutanen gari. Dagaci ya tara magidanta a zaurensa. Bakinsu ya zo ɗaya: a ƙara musu rijiyoyin burtsatse goma. Har an kusa shafa fatiha sai ga wata dattijuwa, Dije, ta shigo ba a kira ta ba. Ta zube igiyar guganta a tsakiyar tabarma, ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba su ke jan ruwa ba, mu ke ja. Kowane ƙulli a nan ƙarin gaba guda ne da na yi a shekara. Ku ƙirga." Aka ƙirga tara. Ma'aikatan suka auna, suka ce in aka ƙara rijiya goma, kafin shekara uku ko ɗigo ba za a samu ba. Aka fasa. Babban ɗanta, wanda ya sa ran samun rijiya a gonar albasarsa, bai ƙara taka gidanta ba.

Aka tsaya a kan rijiya ɗaya tak, ta gari duka. Ma'aikatan suka zaɓi bakin kasuwa. Sai Barau, tsohon mahaƙin rijiya, ya ce ruwan wajen zartsi ne, ko jaki ba ya sha. Ruwan daɗi yana ƙarƙashin tsohuwar rijiyar da aka bari a arewacin gari. Ma'aikatan suka ce suna son shaida. Barau ya haura sittin, amma ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ya yi tono har azahar, ya aiko da ƙwarya cike da jiƙaƙƙen farin yashi. Ana cikin jawo shi gefen rijiyar ya rufta masa a ƙafa. A nan aka haƙa, aka kuma sami ruwa garau, aka sa famfo. Barau bai ƙara tafiya ba sai da sanda, sana'arsa ta ƙare daga ranar.

Saura magana mafi wuya. Ma'aikatan suka ce wannan ruwan shi ne dai wanda injinan fadama ke zuƙa. In manoma ba su koma ban-ruwa kwana biyu a mako ba, shi ma zai tafi. Kowane manomi ya ce sai ya ga abin da Jatau zai yi, don shi ke da inji shida, shi ne kuma ya fara kawo inji garin. Da hantsi dagaci ya same shi a gona, alkama ta fara fitar da kai.

"Ba zan tilasta maka ba, Jatau," in ji dagaci.

"Na sani, ranka ya daɗe. Saura mini wata guda kawai in girbe."

"Ruwan ba zai kai wata guda ba."

Jatau ya kalli gonar. Sannan ya bi injinan ya kashe su da hannunsa. Kafin mako ya zagayo duk fadama ta bi sahu. Ruwan kwana biyu a mako bai ishi alkamarsa ba, ta bushe a tsaye, gidansa mai mutum ashirin ya ci daga rumbun maƙwabta a shekarar, 'ya'yansa biyu suka tafi kudu neman abin yi.

Garin bai mutu ba, bai kuma koma yadda yake ba. Waɗanda suka tashi ba su dawo ba. Ruwan famfon yana isa ne kawai in an buɗe safe da yamma an rufe. Ranar da ma'aikatan za su tafi suka miƙa wa Shekarau makulli guda, suka ce gari ya zaɓi mai riƙe shi, wanda zai iya hana kowa ruwa in lokaci ya wuce, ko da ɗan'uwansa ne.

Mata suka ce Dije, don ba don ita ba da an haƙe garin an ƙarasa shi. Dattawa suka ce Barau, don ba don shi ba da zartsi ake sha. Manoma suka ce Jatau, don ba don shi ba da famfon ya zama ƙarfen banza, ko da yake wasu na cewa ɓarnar da ya fara ce ya gyara. Kwana uku dagaci na yawo da makullin a aljihu, ya rasa hannun da zai sa wa.

To, ku da kuka ji, wa ya kamata ya ba?