Robar Birkin Cindo

An yi wani mutum a wani gari da ke gindin dutse, tun zamanin da keke yake abin kallo. Cindo ake ce masa. Kayan keke yake sayarwa a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Gwiwarsa ɗaya ma ba ta da lafiya.

Ku saurara, ba zan maimaita ba.

Mutanen kan dutsen nan suna da wata al'ada. In mutum ya sayi sabon keke ba ya hawa, tura shi yake yi har gida, don hanyar duk tudu ce. Sai ranar Juma'a ya goya mahaifinsa a kariya su gangaro masallaci. Hawan fari na uba ne. Kun ga ke nan, ba a sanin halin birki sai an hau gangaren.

Wata Laraba sai ga wani saurayi daga kan dutse, Tanimu, da sabon kekensa.

"Baba Cindo, ado nake so. Madubi, tuntu, da ledar naɗe ƙarfe, ja da kore."

"Ado ba zai tsayar da kai a gangare ba," in ji Cindo. "Famfo kake buƙata, da faci, da ƙararrawa saboda kwanar hanya. Sai robar birki. Wadda ta zo da keken ta hanyar gari ce, dutsenku cinye ta zai yi."

"Kai Baba, ka cika tsoro. To sa mini duka, amma kar ka manta da tuntun."

Cindo ya buɗe sabon kwali, ya ɗaura masa roba gaba da baya. Tanimu ya tura kekensa ya tafi.

Ranar Juma'a da hantsi, kasuwa ta fara ci, Cindo ya ɗauko wata robar daga wannan kwalin. Yana matsa ta sai ta marmashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli. Ya ɗauko wata, haka. Ya sake ɗauko wata, haka. A ido lafiya lau, ciki ruɓaɓɓe. Tanimu kaɗai ya sayar wa daga ciki, kuma yau ce ranar.

Maƙwabcinsa Barmo, mai sayar da taya, ya leƙo ya gani.

"Rufe kwalin nan, Cindo. Wa ya sani? In ka je ka faɗa da bakinka, wa zai ƙara sayen kaya a hannunka? In wani abu ya faru, ƙaddara za a ce."

"Haka za a ce. Ni fa, me zan ce in an tambaye ni?"

"Wa zai tambaye ka?"

Kun san Mai tambayar.

Ya kwance robar da ke jikin tsohon kekensa, don ita ce ya yarda da ita. Ya sa sifana a aljihu. Ya bar rumfa a buɗe ya kama hanyar dutse.

Yana hawa, gwiwa tana sara. Yana hawa, inuwarsa tana gajarta. A babbar kwana, inda hanya ta raɓi kwazazzabo, ya kasa duba ƙasa, don yana tsoron ya ga tuntu ja da kore. Duk motsin da ya ji daga sama sai ya ce ƙararrawa ce. Ya gamu da mata masu itace.

"Bayin Allah, Tanimu ya taso?"

"Mun bar shi ana naɗa wa tsoho rawani."

Bai tsaya gode musu ba.

Ya isa bakin gangare ya tarar jama'a sun taru, mata suna guɗa. Malam Jibo, mahaifin Tanimu, ya riga ya zauna a kariya. Cindo ya tsaya tsakiyar hanya, numfashi yana neman gagararsa.

"Baba Cindo, lafiya?" in ji Tanimu. "Matsa mana, za mu makara."

"Sauka."

"A gaban mutane? Me na yi?"

Ku lura a nan. Yana iya cewa ya zo ƙara ɗaure wani ƙarfe ne, ya gyara a ɓoye, sunansa ya tsira. Bai yi ba.

"Ba ka yi komai ba. Ni na yi. Robar da na sa maka ba ta da kyau."

Ya kama birkin ya matse da ƙarfi. Robar ta fashe ta zube a ƙasa. Guɗa ta tsaya.

Tanimu ya dubi gangaren, ya dubi ubansa.

"Da ka kashe mini uba."

"Da na kashe. Shi ya sa na zo."

Ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo ya ɗaura tasa robar. Ya gwada, ya sake gwadawa. Da ya zo tashi ya kasa. Malam Jibo ya sauko ya ɗaga shi.

"Tanimu, goya shi."

"Baba, hawan fari naka ne."

"Nawa ne, na ba shi. Ni ƙafata lafiya."

Haka aka gangaro. Cindo a kariya, tsoho yana takowa a baya. Birki ya kama a kowace kwana.

Kar ku tambaye ni ko ya yi arziki. Bai yi ba. Labari ya zaga kasuwa, wasu suka daina zuwa rumfarsa, Barmo ma ya fara sayar da robar birki. Amma babu wanda aka ɗauko daga kwazazzabo ranar.

To ku fa? Kai mai sayar da magani, kai mai gini, ke mai abincin sayarwa, kai mai gyaran mota, duk akwai wanda ya ɗora ransa a kan aikinku ya kama gangare. Kuskure kowa yana yi. Amana ita ce in ka gane aibin abin da ka ba mutum, ka tashi ka bi shi ka faɗa masa tun bai faɗi ba, ko da sunanka zai zube. Wanda ya rufe kwali ya yi shiru, ya shirya amsarsa.

Allah Ya ba mu ƙarfin tashi. Wanda ya san akwai wanda zai bi, kar ya jira gobe.