Ɗingishin da Iya Tasalla Ta Ɓoye

To, ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Babu aljani a cikinta, babu dodo, sai mutum uku masu digiri da tsohuwa ɗaya, wanda a ganina ya isa abin tsoro.

A wani ƙauye da ake kira Tudun Magina akwai wata maginiya, sunanta Iya Tasalla. Randa take ginawa, irin manyan nan. Ga wanda bai taɓa gani ba, ba randar ce ke juyawa ba, maginiyar ce. Takan sunkuya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana zagaya yumɓun da baya-baya, kullum ta gefe guda. Tun tana budurwa take wannan zagaye. Da tsufa ya zo sai ƙugunta na hagu ya ce ya gaji. Guringuntsin gaɓar ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi, har ta kai ba ta iya sunkuyawa. Sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon yumɓu yana bushewa, ta tashi, ta dogara sanda ta leƙa shi, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Zama ba ya cikin abubuwan da ta iya.

'Yarta Ladidi tana aure a birni. Mijin, Lurwanu, injiniya ne, yana aiki da abokansa biyu a ɗakin bincike na wani asibitin koyarwa. Aikinsu shi ne, kafin a yanka mutum a sa masa gaɓar ƙarfe, sai su gina ƙashinsa a cikin kwamfuta, su sa gaɓar a can, su tafiyar da ita su ga inda za ta ba da matsala. A cewarsu gara ƙashi ya karye a allo da ya karye a jikin mai shi, kuma ban samu abin musu a nan ba. Malama Sa'adiyya ce ke auna yadda mutum yake motsi. Lurwanu ke ginin kwamfuta da lissafi. Dakta Hambali ke riƙe wuƙa.

Da aka kawo Iya Tasalla aka ɗauki hoton ƙashinta, Dakta Hambali ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Aiki ɗaya wannan ƙashin zai ɗauka. In gaɓar ta goce, babu inda zan sake kafa wata."

Tsohuwa ba ta dube shi ba, ga surukinta a tsaye. Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Gaya wa likita, in gyaran na zaman kujera ne ya bar mini kayana. Randa nake so in gina."

Aka shigar da ita ɗakin awo, aka manna mata 'yan ɗigogi masu ƙyalli, kyamarori suka kewaye ta. Lurwanu, saboda kulawa, ya ƙi fita. Ya rakuɓe a lungu, kai a ƙasa. Aka ce ta yi tafiya. Iya Tasalla ta jingine sandarta, ta miƙe sambal, ta taka daga wannan bango zuwa wancan kamar ana raka ta ɗakin miji. Aka ce ta sunkuya, ta ɗan rusuna irin na gaisuwa. Da wannan awon Lurwanu ya yi gininsa, kwamfuta ta ce komai lafiya, aka tsara aiki, aka sa rana.

Malama Sa'adiyya ce ta kasa samun natsuwa. Ta buɗe awon ta rufe, ta sake buɗewa. Tafiyar ta yi kyau fiye da kima, kuma ta san matar da ƙashinta ke gugar ƙashi ba ta tafiya haka. Sai ta tare Ladidi ta ce, "Wai a gida ma haka Iya take takawa?" Ladidi ta yi dariya ta ce, "A gaban mijina? Ko garwashi ta taka ba za ta ɗingisa ba. Ran nan da muka koma ƙauye ba tare da shi ba, ai ɗauko ta aka yi daga mota." Sa'adiyya ta je ta sa aka ɗaga ranar tiyata, ta sha faɗa da abokan nata biyu, ta kwashi ƙananan na'urorin awo ta shiga motar haya zuwa Tudun Magina. Ta kori duk wani namiji daga gidan, ta ɗaura wa tsohuwa na'urorin a ƙarƙashin zani, ta sa aka kwaɓa yumɓu.

Iya Tasalla ta ce, "'Yar nan, ba ki da miji ne, da za ki taso tun daga birni kallon ɗingishin tsohuwa?"

Ta ce, "Ina da shi, Iya. Shi ma a gaban uwata tafiyar soja yake yi."

Tsohuwa ta yi tsaki, ta sunkuya gwargwadon yadda ciwo ya bar ta, ta fara zagaye da baya-baya tana cije leɓe tana zagin ƙugun. Ba ta kai ƙarshen zagayen ba, amma abin da na'ura ta kama ya isa. Ba don Sa'adiyya ba, da an yi wa Iya Tasalla gaɓar wata matar da ba ta taɓa wanzuwa ba sai a gaban suruki.

Lurwanu kuwa ya share duk aikin da ya yi, ya fara daga farko. Abu ɗaya ya sauƙaƙa masa: a cikin kwamfuta surukarsa ɗigogi ce da layuka, don haka ya iya ɗaga kai ya dube ta. Da ya sa ainihin motsinta, sai ya ga in an kafa ƙoƙon gaɓar yadda littattafai suka ce, wato yadda ya dace da masu zaman kujera da tafiya gaba, to ranar da ta sunkuya ta ja ƙafa baya tana murɗa jiki, kan ƙarfen zai fice daga gurbinsa. Ya karkata ƙoƙon nan, ya fice. Ya karkata can, ƙashin ya tsage. Ya sauya girma, ya sauya zurfi, ya tashi ya zagaya tebur, ya dawo. Dakta Hambali yakan leƙo ya ce, "Malam, sau nawa ka karya surukarka yau?" Shi kuma ya ce, "Don Allah kada Ladidi ta ji wannan magana." A ƙarshe ya gano wata 'yar siririyar tazara, inda gaɓar ke zama daram ko an sunkuya ko an murɗa. Ya sa na'ura ta fitar da ma'aunin roba wanda zai hau kan ƙashin ya nuna wa likita inda zai kafa, ya kuma zana iyaka: daga nan zuwa nan an yarda, in an wuce babu randa. Ba don Lurwanu ba, da awon Sa'adiyya ya tsaya a labarin wata tsohuwa mai zagin ƙugunta.

Dakta Hambali mutum ne da yardarsa da kwamfuta ba ta wuce yardarsa da hasashen ruwan sama ba. Ranar aiki ya buɗe, sai ya tarar gefen gurbin ya fi yadda hoto ya nuna lalacewa, yana marmashewa in an taɓa. Ya ɗora ma'aunin Lurwanu, ma'auni ya riƙa rawa kamar tukunya a kan duwatsun murhu biyu. Ga tsohuwa a kwance, jini na zuba, mai sa barci yana duban na'urarsa yana duban likita. Ba wurin kiran taro ba ne. Sai ya ɗauki kan ƙashin cinyar da ya riga ya yanke zai yar, ya sassaƙa shi, ya cike gurbin da shi, ya ɗaure da ƙusoshi, ya ajiye ma'aunin gefe, ya kafa ƙoƙon da hannu da ido. Ya kauce wa tsarin kaɗan, amma bai tsallake iyakar da aka zana ba. Daga baya ya ce shi ko allon bai kalla ba. Ma'aikatan jinya sun ce ya kalla, har ma ya sa an matso masa da shi. Ko ma dai yaya ne, ba don Hambali ba, da awo da lissafi sun ƙare a kan ƙashin da ya ƙi bin abin da aka rubuta masa.

Iya Tasalla ta warke, bayan ta gajiyar da duk wanda aka sa ya hana ta tashi. Da rani ya kama ta koma gida, ta sa aka haƙo yumɓu, ta sunkuya, ta zagaya da baya-baya har randa ta kai ƙirjinta. Gaɓa ba ta goce ba. Ta gasa randar, ta ƙwanƙwasa ta ji amo, sannan ta kira Ladidi ta ce, "Wannan ba ta kasuwa ba ce. Na yi alkawari tun ina zaune, ta farko ta wanda ya mayar da ni bakin yumɓu ce. Ki kai masa."

Ladidi ta ce, "Wanne daga cikinsu, Iya?"

Ta ce, "Su da suka yi karatu ba su sani ba?" Ta juya ta ci gaba da kwaɓinta.

Randa dai ba ta rabuwa uku, sai in tsingaro ake so. Aka kai ta aka ajiye a ƙofar ɗakin binciken, kuma har yanzu tana nan babu ko ɗigon ruwa a ciki, domin duk wanda ya zuba ya ce tasa ce ke nan. Su ukun suna wucewa ta gefenta safe da yamma, kowa yana yi kamar bai gan ta ba. Waɗanda a da suke cin abinci a kwano ɗaya, yanzu kowa ya gano yana da aiki a daidai lokacin.

Masu goyon bayan Sa'adiyya sun ce ita kaɗai ta ƙi yarda da kyakkyawar ƙarya, sai dai ba ta taɓa ƙashi ba, kuma da bakinta aka fara cewa awon farko ya yi. Masu goyon bayan Lurwanu sun ce shi ya nemo 'yar tazarar da babu ita a littafi, kuma wai shi tsohuwar take nufi, kunya ce ta hana ta ambata. Sai a tuna musu cewa tsayuwarsa a lungu ce ta jawo ɓarnar tun farko. Masu goyon bayan Hambali sun ce da abu ya rikice hannunsa ne a ciki, ba na kowa ba, sai a ce musu ai hannun bai san inda zai tsaya ba sai da aka zana masa.

Ni dai na kawo muku ita yadda na same ta, kuma ba na cikin masu jiran ruwan randar. To, ku da kuke zaune, a cikin wadda ta gano ɗingishin, da wanda ya yi lissafin, da wanda ya riƙe wuƙar, wa za a ɗora wa randar Iya Tasalla ya kai gida?