Mahjub Da Bangon Tsohuwar Coci

Akwai wani manomin dabino a ƙauyenmu na bakin Nilu, can arewacin Sudan, sunansa Mahjub. Jikokina, ku gyara zama, wannan ba labarin dariya ba ne.

A saman gonarsa akwai kangon wata babbar coci, tun ta zamanin sarakunan Kirista. Rufin ya rufta tun ba a haifi kakan kowa ba. Bangaye ne suka rage, masu kauri, da zanen mutane masu manyan idanu. Bayan bangon arewa kuwa tudun yashi ne ya jingina, wanda iska ta daɗe tana tarawa.

Duk ƙauyen Musulmi ne, amma ba mai taɓa kangon, don kakanni ne suka gina. Kowa ya san tsohon tubalin nan, in aka farfasa shi, taki ne mai ƙarfi. Sai dai al'ada ta ce abin da ya faɗo da kansa za ka kwasa, wanda ke tsaye ka bar shi tsaye.

Mai kula da wurin ita ce Sittana, yayar baban Mahjub. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ambaliya ta cinye mata ɗaki, sai ta kafa 'yar rumfa a jikin bangon arewa. Duk shekara takan kwaɓa laka ta liƙe tsagu, kamar yadda uwarta ta yi.

Mahjub ya gaji da tsintar ɓaraguzai a kwando. Wata safiya ya iso da amalanken jaki da diga.

"Gwaggo, kwashe tsummokaranki."

"Ina kwana dai, ɗan ƙanena. Zauna, shayi na kan wuta."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Bangon nan nake so."

Tsohuwa ta dafa bango. "Mahjub, ai wannan yana tsaye."

"Ke ma ai a tsaye kike. Wa kike amfana?"

Ya ƙara da cewa, "Kullum carbi a hannu, ga ki kina gadin zanen kafirai. Ba kya jin kunya?"

"Hannun kakanninka ne ya yi shi. Kuma ɗan nan, a nan nake kwana."

"Daga yau kin daina."

Da ƙafa ya ture rumfar. Butar shayi ta kife a wuta. Ya ɗora gwaggonsa a amalanke kamar buhun albasa, ya kai ta ɗakin ajiya na bayan garken awakinsa. Mutane sun yi magana, amma a bayan idonsa, don Mahjub bakinsa ba linzami.

Daga fuskokin zanen ya fara sara. Daga ɗakin nan Sittana na jin kowane bugun diga. In an kai mata wake da burodi, sai a dawo a tarar da kwano yadda aka ajiye shi. Mahjub ya ce, "Ƙyale ta, yunwa za ta koya mata hankali."

Ba ta koya mata ba. Kafin dabino ya nuna, aka yi jana'izarta.

Mahjub ya farfasa bangon arewa kaf, ya zuba a gindin dabino. A shekarar, gaskiya, gonarsa ta yi kyau. Dabino ya yi 'ya'ya har sai da aka tokare reshe. Mahjub ya riƙa yawo a kasuwa yana cewa, "Ina masu tsoron bango? Ku zo ku ɗanɗana."

Sai iskar arewa ta taso. Tudun yashin nan ya rasa abin jingina, ya gangaro. Ya fara cike magudanar ruwa, sannan ya bi gindin itatuwa. Mahjub ya kwashe da shebur da safe, da yamma yashi ya dawo. Ya kafa shingen ganyen dabino, yashi ya haɗiye shi.

Dole ya sauke kai ya kira gayya. Mutanen ƙauye suka fito da kayan aiki. Ya yi murna, ya sa a dafa abinci. Amma sai ya ga sun wuce shi, sun fara aza gini a ƙasan gonarsa, a iyakarsa da maƙwabta.

Ya bi su da gudu. "Baba Khidir, ba nan ba ne! Can sama za a gina!"

Dattijon bai ko ɗago ba. "Can sama an taɓa ginawa, ka ba dabinonka ya ci. Taka ta riga ta tafi, yaro. Tamu muke tarewa."

Haka ganuwar ta tashi, gonar Mahjub na waje. Bangaye ukun da suka rage na cocin, matan ƙauye suka ɗauki liƙe su da laka, ba wanda ya sa su.

Da kaka ta zagayo, dabinon da a da sai da igiya ake hawansa, Mahjub a zaune kan yashi ya tsinki 'ya'yansa. Masu wucewa suka ce, "Barka da hutawa, Mahjub, Allah ya raba ka da hawa!"

Shekarar da ta biyo, ko ganye bai leƙo ba.

Darasi: Abin da ka tarar a tsaye, bango ne ko tsoho, kar ka ture shi don ba ka ga amfaninsa ba, ba ka san abin da yake tare maka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tsofaffi a gida.