Wa Uwani Za Ta Ba Makullin Ɗakin?

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, don labarin yau ba na gyangyaɗi ba ne. In na gama kowa sai ya tofa albarkacin bakinsa, har kai da kake laɓewa a bayan ginshiƙi.

A wata unguwa bayan tashar mota akwai gidan hayar wani Alhaji Tsalha, irin gidan nan mai ɗakuna a jere kamar akurki, banɗaki ɗaya, faɗa kullum. Ɗakin da ya fi daraja shi ne na bakin ƙofa, don ciki da falo ne, ga shago yana kallon titi. Nan Nalado mai gyaran rediyo ya zauna da matarsa Uwani shekara da shekaru. Shi ne ma ya haƙa rijiyar gidan da kuɗinsa, lokacin da matan gidan ke zuwa har bakin kasuwa neman ruwa. Alhaji ya ce ya haƙa, za a riƙa cire masa a kuɗin haya. Magana ce ta fatar baki, kuma ba a taɓa cire ko sisi ba.

Sai ciwo ya kwantar da Nalado. Shago ya rufe, abin hannu ya tafi a magani, haya ta taru. Damina na kankama ya ce ga garinku nan, Uwani ta shiga takaba.

Ku ji ni da kyau, ban ce mai gida ba shi da haƙƙi ba. Gidansa ne, guminsa ne, wanda ya zauna dole ya biya. Amma ko sadakar bakwai ba a yi ba mutumin nan ya aiko wai ta kwashe. Uwani ta ce a gaya masa tana takaba, a ɗakin mijinta aka ce ta zauna, in ta fita za a san yadda za a yi. Ya ce a koma a gaya mata shi bai ba takaba haya ba. Kun ji fa maganar da ta fito daga bakin mai furfura.

Wata safiya tana zaune da kwanon koko a gabanta, sai ta ji ƙwanƙwasa a samanta, ƙasa na zubo mata a abinci. Sallau kafinta ne a kan rufin. Shi ke yi wa Alhaji aikin gidajensa duka, rumfar sana'arsa ma a filin Alhaji take. An gaya masa za a canja tsohon kwanon rufi da sabo, shi ya sa ya yaye rufin tas. Yana saukowa ya ga ana loda tsohon kwanon a mota, sabo kuwa babu alamarsa, ga hadari ya haɗo daga gabas. Ya ce, "Alhaji, ina sabon?" Alhaji ya ce, "Aikinka ya ƙare, karɓi ladanka." Uwani na ciki tana kallon sama ta inda rufi yake, ranta na tafasa, ta rantse ko ruwan zai kai mata wuya ba za ta taka waje ba. Sallau ya jefar da kuɗin a ƙasa. Ya ruga ya kwance kwanon rumfarsa, ya ɗauko a ka, ya hau yana bugawa ruwa na dukansa, bai sauko ba sai da ya rufe ɗakin. Kafin mako ya zagayo Alhaji ya kore shi daga filin, ya kuma hana shi aiki a gidajensa. Ga Sallau nan da zarto da guduma a buhu, ba inda zai kafa benci.

Da yaye rufi bai yi aiki ba, sai Alhaji ya ɗebo zauna-gari-banza, ya ce su watso kayanta titi. Ya zaɓi hantsi, lokacin da mazan gidan duk sun fita nema. Abin da bai lissafa ba shi ne Tabawa mai ƙosai, wadda ke haya a ɗakin ƙurya tana suya a bakin kwata. Ita dai Tabawa bakinta ba ya shiru, ita ce ma ta yi ta yaɗawa a unguwa cewa Nalado bai bar komai ba sai bashi, har maganar ta kai kunnen Alhaji ta sa shi gaggawa. Amma ranar, da ta ga ƙarti sun nufi ƙofar mai takaba, sai ta sauke kaskonta da mai yana tafarfasa, ta girke shi a bakin ƙofar, ta tsaya a kai da matsami a hannu. Ta ce, "Wanda uwarsa ta gaji da ganinsa ya matso." Ɗaya ya hankaɗe ta, man ya zubo mata a ƙafa. Ba ta gusa ba, sai kururuwa da ta yi ta yi har matan unguwa suka fito da taɓare, ƙartin suka arce. Daga ranar ita ke ciyar da Uwani safe da yamma, tana ɗingishi. Alhaji ya ninka mata haya, ya kuma hana ta suya a ƙofar gidansa.

Sai a lokacin ya tuna akwai kotu, inda ya kamata ya fara zuwa. Ya kai ƙara wai an cinye masa haya an ƙi fita. Uwani, da yake tana takaba, ta aika garinsu aka kira ƙanenta ya tsaya mata, ya kawo maganar rijiya. Alhaji ya ce shi bai san zancen ba, sadaka marigayi ya yi. Alƙali ya ce a kawo shaida, in babu za ta fita daga ɗakin. Mutum ɗaya ne ya ji alkawarin nan da kunnensa, wato Jatau, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ke karɓar masa haya. A gidan kawunsa yake zaune da mata da 'ya'ya, tuwon kawunsa yake ci. Shi ne ya kai wa Uwani saƙon ta kwashe, shi ne kuma ya riƙe wa Sallau tsani, alhali ya san babu wani sabon kwano. Alhaji da kansa ya kawo shi don ya ƙaryata maganar. Da alƙali ya tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta malam, ina wurin. Kawu ya ce a cire a haya." Kafin la'asar an fitar masa da kayansa waje, dangi suka juya masa baya, uwarsa ma ta daina amsa gaisuwarsa.

Da aka ƙiyasta aikin rijiyar, sai ga shi ya biya bashin duka, har Alhaji ne ake bi. Ya ce shi ba zai fitar da kuɗi ba, ta cinye a zama. Aka yi sulhu a kan ɗakin da shagon suna hannunta shekara biyu ba biya, in ba za ta zauna ba ta sa wanda ta ga dama, amma mutum ɗaya, ba haɗaka. Alhaji ne ya dage a kan wannan sharaɗin, yana murmushi. Mugu ya san abin da ya shuka.

Uwani ta gama takaba a ɗakin mijinta kamar yadda ta rantse. 'Yan'uwanta suka zo da mota za su mai da ita garinsu, don ba ta da kowa a nan. Tana fitowa da makulli a hannu ta tarar da su ukun a ƙofa. Sallau ya ce ba don kwanonsa ba da ruwa ya fitar da ita tun ranar farko, kuma yau ba shi da wurin sana'a. Tabawa ta ɗage zane ta nuna tabon ƙuna, ta ce rufi bai hana ƙarti shiga ɗaki, kuma shi Sallau ai ɓarnarsa ya gyara. Jatau ya ce su biyun kwanaki kawai suka ƙara mata, shekara biyun nan daga bakinsa ta fito, ga 'ya'yansa na kwana a zauren mutane. Tabawa ta ce masa mai riƙon tsani, shi kuma ya ce mata mai kai tsegumi. Mutanen da suka tsaya mata tsayin daka, ga su suna nuna wa juna yatsa a kan ɗakin da mijinta ya mutu a ciki.

Uwani ta ɗaga kai, ta hango Alhaji Tsalha a tsallaken titi, zaune a kan benci yana cin goro yana kallo. Takaici ya turnuƙe ta, har ta ji kamar ta jefa makullin a rijiyar Nalado kowa ya huta. Amma ta san in ta yi haka ɗakin ya koma hannun Alhaji, su ukun kuma sun tashi a tutar babu. Direba na ta danna ham, ƙanenta na cewa, "Yaya, rana na yi."

To, ga makulli ɗaya, ga hannu uku. Ku da kuke zaune kuna girgiza kai, ku gaya mini: tsakanin Sallau da Tabawa da Jatau, wa Uwani za ta miƙa wa, kuma da wane ido za ta dubi sauran biyun?