Tsohuwar Shamuwa Ta Zaɓi Mazauni

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Shamuwa dai ta tsufa, fiffike ya ƙi doguwar tafiya. Dole ta zaɓi wuri guda ta zauna, ko arewa ko kudu. Sai ta je wurin Ungulu neman shawara.

Ta ce, "Yaya, ni nan arewa nake so. Nan ne in na sauka manoma ke fito da fartanya, yara na murna damina ta zo."

Ungulu ta ce, "Daminar kaɗai kika sani. Da rani fara ɗaya sai kin yini kina nema. Kuma wanda ake gani kullum, wa ke yi masa maraba? Dube ni. A kudu kuwa abinci a banza, sai dai ba wanda ya san ki."

Sai Shamuwa ta tafi kudu. Ta ci, ta yi ƙiba. Amma duk shekara in jikokinta za su tashi zuwa arewa, sai ta raka su har bakin kogi, ta ce, "Ku sauka kan tsamiyar nan ta bakin rijiya. In manoma sun tambaye ni, ku ce ina nan tafe a baya."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, a nan ta tsaya.