Kwanar da Aka Share a Kwamfuta

Ku gyara zama, ga maganar da ta gagari dattawan Gidan Kanya.

Da za a yi titi ta garin, masu awo sun zana shi da lanƙwasa don ya kauce wa maƙabarta. Sai wani ma'aikacin kamfanin, yana shan sanyin ofis, ya ga layin ya cika ɗige-ɗige a kwamfuta, wai yana ba shi wahalar gyara. Ya share su, layi ya miƙe samɓal ta kan kaburbura. Ko tambayar dalilin lanƙwasar bai yi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Iya Sahura mijinta da 'ya'yanta biyu suna kwance a maƙabartar nan. Jikarta Lantana tana aiki a kamfanin, ita ta lura kwana ta ɓace daga zane. Aka ce ta ja bakinta, ta ƙi, ta fallasa, aka kore ta.

Iya ta ce, "Ashe ko mutuwa mutum ya yi ba za a ƙyale shi ya huta ba?"

Kamfani ya nemi mafaka, wai tsohuwar kwanar ta yi tsanani, za ta riƙa kayar da manyan motoci. Tanimu, wan Lantana, ya karanci zane. Ya sake fitar da lanƙwasar da ɗigo kaɗan, a hankali, yadda tirela za ta bi lafiya. Amma kwana mai sauƙi fili take ci, sai ya bi da ita ta tsakiyar gonarsa ta gado.

Kafin a sa wa zanen hannu, katafila ta iso za ta ratsa maƙabarta. Ƙaninsu Jatau ya kwanta a gabanta. Aka yi masa dukan kawo wuƙa, aka karya masa hannu, bai tashi ba sai da izinin bin zanen Tanimu ya fito. Maƙabarta ta tsira. Shi kuwa mai sharewa, ƙarin girma ma aka yi masa.

Kwana ba ta zama babu suna, don haka dattawa suka ce Iya ta raɗa mata sunan ɗaya daga jikokinta. Ta dubi marar aiki, ta dubi marar gona, ta dubi mai karaya.

To, ku da kuke saurare, sunan wa ya cancanci kwanar nan?